Yadda Rufina Ya Yi Tozo

Ku samarin da kuke wucewa ta bakin shagona a Ƙofar Kaura kuna cewa kafinta ai buga ƙusa ne kawai, gaskiyarku, buga ƙusa ne. Ni ma da na shiga haka na ɗauka, sai ga shi na yi shekara biyu ban bugi ƙusa ko ɗaya a jikin katako ba. Maigidana Malam Lawal, Allah ya ji ƙansa, yana da wani tsohon gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi da aka ciro daga tsofaffin gidaje. Aikina shi ne in zauna gaban dutse in miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsana na hagu har yau bai yafe mini ba. Farcen ya fita sau uku, na huɗun da ya tsiro sai ya fito a karkace, kullum kamar harara yake yi mini.

Boko aji uku na yi. Ba korata aka yi ba, na duba ne na ga ni da malamin ba mu dace ba, na sauwaƙe masa. Abin da na fito da shi bai wuce rubuta sunana da gane shi in an rubuta ba. Wannan rubutun da kuke gani ajin manya ne ya ba ni bayan furfura ta fito, saboda haka wanda ya ga harafi a gicciye ya yi haƙuri, katako na saba miƙewa.

Kayan aikin Malam Lawal buhu ɗaya ne ya ɗauke su. Zarto biyu, babba da ƙarami, guduma mai ƙotar da ya sassaƙa da hannunsa, gizago, sukwaya ta ƙarfe ta auna kusurwa, igiyar da ake jiƙawa da shuni a ɗame ta a ja a saki ta bar layi, sai fensir mai faɗi da ba ya barin bayan kunnensa ko a masallaci. Ba injin, ba wutar lantarki. Ranar Juma'a da safe ba a aiki, wasa zarto ake yi, haƙori ɗaya bayan ɗaya, ƙarar na shiga har cikin ɓargon mutum. In muka je wajen 'yan katako kusa da Babbar Kasuwa, ba ya tambayar kuɗi sai ya ɗaga katakon ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonsa, sannan ya shinshina shi. Ɗanyen katako yana da wari, kuma ɗanyen katako maƙaryaci ne: ka buga shi a miƙe, bazara ta zo ya murɗe kamar an matse wanki. Mai katako ya rantse masa busasshe ne, shi kuwa sai ya ce, "Alhaji, kar ka ɓata rantsuwarka, hancina bai yi aikin hajji ba amma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Wata ƙofa da muka yi wa wani Alhaji a Ƙofar 'Yandaka ita ta koya mini masu ba da aiki. Sau uku muna kai ta yana cewa ta yi ƙunci. Karo na huɗu maigidana bai taɓa ta da komai ba, ya dai sa na shafa mata mai na kinkimo ta muka koma. Alhaji ya shiga ya fita, ya sake shiga ya fita, ya ce, "Yauwa, ko kai hwa? Da tun farko haka ka yi." Maigida ya ce, "Wallahi shawararka ce ta gyara ta." Muna tahowa na buɗe baki zan yi dariya, ya ce in na yi sai na koma kan gwangwani wata guda.

Amma abin da aka san Malam Lawal da shi rufin kwano ne, kuma nan ne maganata za ta zauna. Kafin a shimfiɗa kwano sai an yi masa abin da zai hau. Katako uku ake haɗawa: biyu su jingina da juna su haɗa kai a sama, na ukun ya kwanta a ƙasa ya riƙe musu ƙafafu kada su baje. A shagonmu haɗi kawai muke ce wa wannan. Ana jera su kan gini ɗaya bayan ɗaya, goma ko ashirin, gwargwadon tsawon ɗakin. Dole kowane ya zama tagwayen ɗan'uwansa. In ɗaya ya fi sauran tsawo, doron rufin zai kumbura a nan. In ya gaza, zai lotsa, kwano ya ƙi kwanciya, ruwa ya sami ƙofa.

Ga yadda maigidana yake yi. Zai ɓata yini guda cur yana yin haɗi na farko, a kwance a ƙasa, ya auna ya sake aunawa. Wannan yake kira uwa. In ya gama sai a kafa mata turaku a kewaye don kada ta motsa. Duk katakon da za a yanka, a jikin uwa ake auna shi. Duk haɗin da za a buga, a kan uwa ake buga shi, a ɗaga shi a kai gefe, a zo a fara wani. Uwa ita ce ta ƙarshe da ke hawa gini. Na tambaye shi dalili sau ɗaya. Ya ce, "Haka na tarar." Na sake tambaya. Ya nuna mini gwangwani da baki. A raina na ce camfin tsofaffi ne kawai, da kuma jin daɗin ganin mutum yana jigilar katako.

Shekara tara na yi a hannunsa kafin ya sallame ni. Ya ba ni ƙaramin zarton da guduma sabuwa, aka yi addu'a, aka raba goro. Ban yi wata biyu ba sai ga aiki ya faɗo mini wanda ya fi ƙarfin shekaruna: wata makarantar al'umma a bayan gari tana gina sababbin azuzuwa, an gama ginin farko mai aji biyu, ana neman mai rufi. Haɗi goma sha huɗu. Maginin wani dattijo ne, Baba Inuwa, siriri, marar yawan magana, kullum da goro a kumatu. Shi aka ba ginin duka, an ce in wannan ya yi kyau akwai gini uku a baya, aikin da zai ci shekara.

Ranar farko na yi uwa kamar yadda aka koya mini, ta yi kyau har na tsaya ina kallonta ina jin haushin babu mai wucewa. Rana ta biyu wayo ya zo mini. Na ce, me zai sa in riƙa jan kowane katako zuwa wajen uwa, ga wanda na yanka yanzu a hannuna? Ai shi ma ɗan uwar ne. Sai in ɗora shi kan sabo, in ja layi, in yanka. Wanda na yanka ɗin in ɗora shi kan na gaba. Fensirina kuwa ya faɗa cikin tulin ƙasa tun da safe, na tsinci gawayi a murhun mai gadi na ci gaba da shi. Layin gawayi kauri gare shi kamar kwallin amarya. Ni kuma an koya mini kada in ci layi, in yanka daga bayansa. To kun gani. Kowane katako ya fi wanda ya haife shi da ɗan abin da bai kai rabin yatsa ba, abin da ido ba ya gani.

Ban yi sakaci gaba ɗaya ba, kada ku raina ni. Na yanki wani guntun falanki daidai da kusurwar da katakai biyun suke yi a sama, da wani daidai da ta ƙafa. Duk haɗin da na gama sai na kara su, su kuwa su zauna ɗas. Saboda haka na kwana da yaƙinin cewa sha huɗun nan ciki ɗaya suka fito. Aikin da maigidana zai yi kwana takwas na gama a biyar. Leburorin Baba Inuwa suka taya ni ɗagawa, wanda hannu ya kai kansa shi ake ɗauka, na tara kusa da na biyu, na sha uku kusa da na biyar. Katakon ƙasa dama yana zarce bango ta kowane gefe, don haka babu wanda ya lura wani ya fi wani zarcewa.

Da aka buga dogon katakon da ke bin doron rufi, na sauko na ja baya don in sha kallo. Abin da na gani ba rufi ba ne, ayarin raƙuma ne. Nan tozo, nan kwari, nan tozo. Masu kai kaya kasuwa suna tsayar da jakuna suna nunawa. Hedimasta ya fito daga ofis ya cire tabarau ya goge ya mayar, abin bai gyaru ba.

Ya ce, "Mamman, mene ne wannan?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ranka ya daɗe, bango ne. Kan ginin ba daidai yake ba. Ni abin da aka ba ni na ɗora a kai." Kuma a lokacin har zuciyata haka na ɗauka. Na ɗauko guntayen falankina na hau na kara masa a haɗi biyu, ya gani da idonsa sun zauna.

Aka kira Baba Inuwa. Ya dubi rufin, ya dube ni, ya ce, "Ginina lahiya lau yake." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa na yi magana ta kai ta mutum biyar. Kun san yadda duniya take, mai yawan bayani shi ake ɗauka mai gaskiya. Kafin la'asar shugaban kwamitin iyaye, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya ce tsufa ya kama Baba Inuwa, idonsa ya yi rauni, sauran gini ukun a nemi wani. A garin nan kuwa, magini in aka ce an karɓe aiki daga hannunsa saboda bangonsa ya karkace, ya gama. Ko katangar bayi ba mai sake kiransa.

Wanda ya hana a yanke maganar ranar shi ne malamin lissafin makarantar, Malam Sabi'u. Gajere ne, alli ya cinye masa aljihun riga, yana da wata ɗabi'a ta karkata kai in ana magana kamar kaza tana kallon shaho. Ya ce a ba shi zuwa Asabar, ranar da ba yara, shi zai iya gano mai laifi ba tare da an sauke katako ko an fasa bulo ba. Na ji daɗi ƙwarai. Har na bi shi ina cewa, "Malam, ka taimaka ka fito da gaskiya, tsohon nan zai ɓata mini suna."

Ranar Asabar da hantsi ya sa aka fito da allon aji aka jingina shi a gindin wata bishiyar bedi da ke fuskantar ginin. Hedimasta da Alhaji suka zauna a benci. Baba Inuwa ya zauna can gefe a kan bulo, ya riga ya ɗaure cokalin gininsa da igiyarsa a cikin buhu ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan Malam Sabi'u ya zana abu mai gefe uku a allo.

Ya ce, "Mamman, me kuke ce wa wannan?"

Na ce, "Haɗi."

"Mu alwatika muke ce masa. Ka ce naka sha huɗun duk ɗaya ne. Da me ka sani?"

Na miƙa masa guntayen falankina da alfahari. Ya jujjuya su, ya yaba yankan, sannan ya zana wata ƙaramar alwatika a cikin babbar, kowane gefe yana bin na babbar. Ya ce in zo in duba kusurwar sama ta wannan da ta wannan. Na duba, ɗaya ce. Ta ƙafa ma ɗaya ce.

Ya ce, "To tagwaye ne?"

Na ce, "Haba Malam, wannan ai ɗa ne da ubansa."

"Madalla. Kusurwa kama take nunawa, ba ta nuna girma. Falankinka zai zauna a jikin ɗa, ya zauna a jikin uba. Amma in ka ba ni sanda uku, ka ba Baba Inuwa sanda uku masu tsawo ɗaya da nawa, kowa ya shiga ɗakinsa ya haɗa, abin da zai fito ɗaya ne. Ba yadda za a yi su bambanta. Gefe, gefe, gefe. In ukun sun yi daidai, magana ta ƙare."

Wannan na yarda da shi nan take, don hannuna ya san shi tun kafin kunnena ya ji. Firam ɗin ƙofa mai gefe huɗu, in ka tura shi sai ya kwanta. Mai gefe uku ko ka hau kansa ba ya motsi.

Sai ya raba allon biyu da dogon layi. A hannun hagu ya ce nan ake rubuta magana, a hannun dama nan ake rubuta dalili. Ya ce a aikinsu ba a yarda magana ta zauna ita kaɗai ba, ko ta hedimasta ce, sai an ajiye mata dalili a gefenta. Alhaji ya ce da haka ake yi a kasuwa da an rufe ta tuntuni. Malam ya jera abin da Hausa saboda mu, yana karantawa da ƙarfi. Layi na farko, gefen dama na wannan haɗi daidai yake da na uwa. Na biyu, gefen hagu. Na uku, katakon ƙasa. In ukun sun tabbata, layi na huɗu ya ce tagwaye ne, dalili kuwa gefe, gefe, gefe. In duka sha huɗun tagwaye ne, tsayinsu ɗaya ne. In tsayinsu ɗaya ne amma doro ya yi tozo, to abin da suke tsaye a kai ne ba daidai ba. Ya juyo ya ce, "Baba, ka yarda da wannan?"

Baba Inuwa ya ce, "A auna."

Malam ya fito da igiya. Nan ne kaɗai na fi shi sani a ranar, kuma ban bari ta wuce ba. Na ce igiya tana miƙewa, in ka ja da ƙarfi ta ba ka abin da kake so. Na haɗa sirara biyu na katako suka zama doguwar sanda, na buga ƙusa a kanta don ta riƙa kama bakin katako. Na hau kan uwa, wadda ke ƙarshen gini, na tsaga alama uku da zarto: ta gefen dama, ta hagu, ta ƙasa. Malam ya ce ya ƙaru. Na ji kaina ya ƙara girma.

Babu mai iya hawa cikinsu. Hedimasta yana da ciwon gwiwa, Alhaji yana da tumbi, Malam ya ce shi ko kan kujera ya hau jiri yake ji, Baba Inuwa kuwa shi ake tuhuma. Ni kaɗai ne a sama, ni ne mai awo, ni ne mai shaida.

Na maƙala ƙusa a haɗin da ke kusa da uwa, na kwantar da sanda. Katakon ya wuce alama da yatsa guda. Na ce a raina sandar ce ta goce. Na leƙo na ce, "Daidai." Na auna sauran gefe biyun, su ma sun wuce. Na ce, "Daidai. Daidai." Na matsa na gaba. Wannan yatsa uku ne. A nan na gane abin da ya faru, gawayin nan ya faɗo mini a rai kamar an jefe ni da shi. Na ce, "Daidai." Na uku ya wuce da yatsa biyu. Na yi tari na ɗora wa ƙura laifi, na ce, "Shi ma daidai."

Daga inda nake ina hango allon. Ban iya karanta abin da ke hannun hagu ba, amma a hannun dama na ga wata kalma tana ta maimaituwa, layi bayan layi, kuma ita ce kalma ɗaya tak da na sani a duniyar boko. Na ce, "Malam, me sunana yake yi a nan?"

Ya karkata kai ya ce, "Dalili ne. Ni ban hau ba, ban gani ba. Magana ta ce gefen nan daidai yake da na uwa. Dalili, Mamman ya auna. Duk abin da za mu yanke a ƙasa, a kan wannan zai tsaya."

"Ba za a rubuta sanda ta auna ba?"

"Sanda ba ta magana. Ci gaba, rana tana yi."

Na ja jiki zuwa na huɗu. Na maƙala ƙusa, na kwantar da sanda. Tsakanin alama da bakin katako na sa tafin hannuna gaba ɗaya, ya shiga har da sauran wuri. Na ɗaga kai. Alhaji ya riga ya fara gaya wa hedimasta sunan wani magini da ya sani. Baba Inuwa bai ko kalli sama ba, yana ƙara ɗaure bakin buhunsa.

Na ce, "Malam, goge."

"In goge me?"

"Sunana. Duk inda ka sa shi."

"Ba ka auna ba ne?"

"Na auna. Abin da na faɗa ne ban auna ba."

Malam bai goge da sauri ba, layi ɗaya ɗaya ya bi da tsumma, tara ne, ina ƙirgawa daga sama. Sannan ya ce in sake daga farko, in faɗi abin da sanda ta nuna. Na sake. Yatsa ɗaya, yatsa uku, yatsa biyu, tafi guda. Cikin sha ukun babu ko ɗaya da ya yi daidai da uwa. Ya rubuta su duka, kuma a gefen kowane ya mayar da sunana. Da na sauko ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa, har da gawayin. Ya ce zai riƙa ba 'yan aji labarin, amma ba zai faɗi suna ba. Na ce ya faɗa, ai raƙuman sun riga shi.

Alhaji ya yi faɗa har hularsa ta goce. Kwana shida na yi ina sauke abin da na ɗora, ina ciro ƙusoshi ina miƙe su a kan dutse, ga ni na koma inda na fara. Sa'ar da na yi ita ce duk kuskuren tsawo ne, ragewa ake yi, katako bai lalace ba. Na kwantar da uwa na kafa mata turaku, na bi da su kanta ɗaya bayan ɗaya. Rufin ya miƙe kamar an ja shi da igiyar shuni. Yana nan har yau, sau biyu ana canza masa kwano, katakon bai motsa ba. Amma sauran gini ukun wani kafinta aka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Baba Inuwa ya ci gaba da gininsa.

Na je na gaya wa Malam Lawal da bakina kafin ya ji a gari, ashe ya riga ya ji. Na ce masa yanzu na san dalilin uwa, har na zana masa a ƙasa, gefe, gefe, gefe. Ya kalli zanen ya ce, "Ni ba ni da wannan karatun, kuma rufina bai taɓa yin tozo ba. Kai mai dalili, sannu."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Sunana ya koma Mamman Raƙumi, har mai kosan unguwa haka take kirana. Damina ta zo da iska ta kwashe rufi a unguwanni da yawa, kafintoci suna gudun aiki saboda yawa, ni ko leƙe ba a yi mini. Kujerar tsugunno na koma yi, da akurkin kaji, da marfin rijiya. In kai su bakin kasuwa in zauna, mata su taya, su duba ƙafafun kujerar su ce, "Malam, wannan dai ƙafafunta ɗaya ne ko?" Babban zarton da na saya don rufi ya yi tsatsa a rataye. Na fara tunanin komawa ƙauyen kawuna in kama noma, ni da ban san bambancin gero da dawa ba sai sun zama tuwo.

Kun ga yanzu kuna da tef mai lamba, da injin yanka, wasu ma ƙarfe suke sa a yi musu walda su huta da katako. Ba na ƙin ko ɗaya, gwiwoyina ma sun daina hawa. Amma har gobe in an kawo mini aikin rufi, ina zama a inuwa in sa a kwantar da uwa a kafa mata turaku, kuma wanda na kama yana auna sabo da wanda ya yanka yanzu, sai ya ji labarin nan daga farko har ƙarshe, wanda ya fi duka zafi.

Wata safiya, kusan shekara guda bayan abin, ina gaban shago ina fafatawa da wani akurki, sai ga inuwar mutum a kaina. Baba Inuwa ne da goronsa. Tun ranar Asabar ɗin nan ba mu haɗu ba, in na hango shi sai in canza lungu. Na tashi na durƙusa na gaishe shi, na fara jero ban haƙurin da na yi shekara ina shiryawa. Ya bari na kai tsakiya ya ce, "Ɗauko zartonka. Babban."

Na bi shi a baya har wani sabon gida da ya gama ginawa, ɗaki shida da zaure. Mai gidan yana tsaye a ƙofa, wani ma'aikacin gwamnati mai tsabtar riga. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wannan ba shi ne na raƙuman nan ba?"

Baba Inuwa ya ce, "Shi ne."

"Kuma shi ka kawo mini? Ba shi ne ya so ya ɗora maka ba?"

Baba Inuwa ya juya goron daga wannan kumatu zuwa wancan. Ya ce, "Alhaji, shekarata arba'in ina aiki da kafintoci, kowanne yana ƙarya, ban san inda tasu take tsayawa ba. Wanga na auna tashi. Haɗi uku take kaiwa, na huɗu ba ta iya hawa. Rufinka haɗi ashirin ne. In ya ce maka daidai sau uku, kar ka kula shi. Jira na huɗun."

Mutumin ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce in shiga in duba. Daga ranar har Allah ya karɓi ran Baba Inuwa, shekara goma sha bakwai, bai gina bangon da wani ya rufa ba sai ni. Kuma duk gidan da muka shiga, kafin in ajiye buhuna, sai ya yi wa mai gidan wannan bayanin, ina tsaye.